Jakar Hannun Oddvar

Asabar, 12 ga Oktoba, da la'asar

Ba mu tafi ba. Yanzu da ya kamata a ce muna Oslo muna jiran jirgin Malta, ga ni zaune a kicin ko takalmi ban cire ba. Oddvar yana sama yana barci, har da minshari.

Bari in rubuta yadda aka yi tun raina bai fara gyara labarin ba.

Mu tara ne daga ƙungiyarmu ta masu nutso a teku ta nan Bodø. Duk shekara in sanyi ya kunno kai mukan gudu mako guda zuwa inda ruwa ke da ɗumi. Kuma duk shekara mijina ne ke tara mutane ya yi musu karatun haɗa kaya, har sun haddace suna kwaikwayon muryarsa. Jakar hannu kilo takwas, kada ta ɗara. Abin shaƙar iska da agogon nutso su ne ranka, su zauna kusa da kai a cikin jirgi. Wuƙa da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don a nutse su bi babban akwati. Batirin tocila a cire shi, a liƙe bakinsa da salatif, a riƙe a jakar hannu, don in ya kama wuta can ƙasa cikin kaya babu mai gani. Tukunyar iska kuwa, in ka nace sai ka tafi da ita, a juye ta tas a kwance kanta, yadda jami'i zai leƙa ya ga gindinta. Tun da muka yi aure ban taɓa haɗa jakar tafiya ba. Ba ya bari.

A filin jirgin Bodø na wuce wurin binciken kaya lafiya lau, ina mayar da ɗamarata, sai na ga bel ɗin kaya ya tsaya. Jami'ar da ke kallon na'urar haska kaya, wata mata mai furfura, ta jawo jakar Oddvar gefe. Steinar, abokinsa tun suna samari, yana bayansa a layi, ya ce yau dai an kama malam da satar amsa. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ta zuge zif. Abin da ta fara ɗagawa wuƙarsa ce, doguwar da yake ɗaurawa a ƙwauri. Sai ƙaramar tukunyar iskarsa ta ko-ta-kwana, kanta a ɗaure, cike maƙil. Ta ajiye ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sai dalma guda biyu. Sai butar lantarkinmu, ta kicin ɗin nan, an naɗe wayarta tsaf. Babu abin shaƙa, babu agogo.

Ta tambaye shi ko jakarsa ce. Ya ce a'a. Sunansa na jikinta, ni na ɗinka da jan zare. Ta nuna masa. Ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya ce, "Ba tawa ba ce. Ni na san doka."

Da ta ɗauki wuƙar za ta miƙa wa abokin aikinta, sai ya damƙe mata wuyan hannu. Oddvar, wanda ko kare bai taɓa daka wa tsawa ba.

'Yan sanda biyu suka zo, suka kai mu wani ɗan ɗaki marar taga. Steinar ya so ya fasa tafiyar, na ce ya wuce, babu komai, kuskure ne. Aka sauke akwatunanmu daga jirgi. Oddvar ya amsa duk tambayoyinsu cikin ladabi, sai dai a kan jakar ya tsaya kai da fata. Suka riƙe kayan, suka ce za su kira mu.

Muna fita matar ta biyo ni bakin ƙofa. Wuyan hannunta ya yi ja. Ta ce ita ba za ta kai ƙara ba, sannan ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko ya saba yin haka. Na ce ko kusa. Ta ce, "To a kai shi a duba shi."

Haushinta na ji. Har yanzu ina ji, ban san dalili ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Buta tana wurin 'yan sanda. A tukunya na tafasa ruwan kofi.

Lahadi, da yamma

Na buɗe babban akwatinsa don in shanya rigar ruwa. Batiran tocila guda huɗu, manyan, a zube cikin jakar ƙarafan gyara da makullai, babu salatif, ƙarfe na gugar ƙarfe. Na zauna a ƙasa ina kallonsu. Da an bar akwatin nan ya tashi, da yana ƙarƙashin ƙafafun Steinar da sauran, da mutane ɗari da wani abu da ba su san mu ba.

Abin shaƙar kuwa a firji na same shi, a aljihun da nake sa karas. An naɗe tiyonsa yadda yake koya wa mutane.

Na kai masa falo na ajiye a gabansa. Ya taɓa ya ji sanyi, ya yi 'yar dariya, ya ce wasan Steinar ya fara wuce gona da iri, in ya dawo za su yi magana. Steinar bai taka gidan nan ba tun watan jiya.  Ya tashi ya soya mana wainar fulawa, ta yi daɗi kamar kullum, ya gyara marfin kabad ɗin da na daɗe ina mita a kai. In wani ya leƙo ta taga zai ce babu gidan da ya kai namu zaman lafiya.

Shi ya haɗa jakar kafin mu tafi filin jirgi. Ina falo ina jin ƙarar zif.

Litinin, 14 ga Oktoba, da rana

Na ce mu je wurin likita. Ya ce, "Ke ce ba ki da lafiya, tsohuwa? In kai ki?"

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Akwai ƙananan abubuwa na 'yan watannin nan da suka dawo mini tun jiya, suna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba zan rubuta su ba. Kowa yana manta sunan cokali wani lokaci. Kowa yana tashi da ciwon kai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Steinar ya kira daga Malta. Ya fara da tsiyarsa, wai ruwan ya yi ɗumi har ya rasa abin da zai yi ƙorafi a kai, wai babu mai yi musu faɗa a kan igiya, yara sun lalace. Ya tambayi yadda kyaftin yake. Na ce lafiya lau. 

Ya ce akwai abin da ya kamata in sani. A nutsonsu na ƙarshe a watan jiya, Oddvar ya tsaya a bakin jirgin ruwa zai faɗa, zif ɗin bayan rigarsa a buɗe. A ruwanmu, in ruwan sanyi ya cika maka riga ga dalma a ƙugu, ba lallai ka dawo ba. Steinar ne ya riƙo shi ta wuya. A lokacin dariya suka yi, har aka sa Oddvar ya saya wa kowa kofi.

"Torill," ya ce, "shi ne mai duba zif ɗin kowa. Tun ina da gashi a ka."

Na ce na gode, na ce ya gaida mutane, na kashe. Daga nan na kira 'yarmu Sunniva a Trondheim. Niyyata in ce mata kawai mun fasa tafiya. Ina jin muryarta sai na kasa haɗa magana. Ta ce za ta biyo jirgin ƙasa na dare ranar Juma'a.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da la'asar

Ya cika tukwanen iska biyu a ɗakin ƙungiya ya kawo gareji. Wai tunda Malta ta kuɓuce, gobe zai shiga Saltstraumen, mashigar tekun nan mai ƙarfin igiya, shi kaɗai, tunda duk abokan nutso sun tafi kuma ni na zama mai tsoro. Ya gaya mini lokacin da ruwan zai kwanta. Na duba jadawalin lokutan ruwa, ya yi kuskuren rana, lokacin jiya ya karanto. A lokacin da ya ambata, mashigar nan tana juya jirgin masunta kamar ganye.

Na nuna masa. Ya ce an buga ba daidai ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da rana

Da sassafe, yana wanka, na shiga gareji na buɗe kan tukwanen duka biyu. Ban san ƙarar za ta kai haka a rufaffen wuri ba. Na toshe kunnuwa na tsaya, ƙarfen ya yi fari da sanyi, ƙura ta tashi daga kan katako.

Ya shigo da tawul a ƙugu, ƙafa babu takalmi, kumfa a kunne. Ya dubi tukwanen, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ja baya har na jingina da mota. Ya ɗaga yatsa ya buɗe baki zai yi mini faɗa.

"Ke," ya ce. "Kin... ke kin taga. Kin taga mini..."

Ya tsaya. Ya sake gwadawa, kalmar da ta fito ba ta kowane yare ba ce. Na ga lokacin da ya ji kansa da kunnensa. Hannun ya sauka. Iska na ta fita, mu biyu muna tsaye, har ta ƙare don kanta.

Ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Can maganar ta dawo masa daidai, ya ce, "Jakar nan tawa ce, ko?"

Na ce e.

"Ni na sa wuƙar."

Na ce e.

"Matar nan fa? Na ji mata ciwo?"

Na ce hannunta ya yi ja, amma ba ta riƙe shi a rai ba. Ya rufe fuska da tafin hannu. Sannan ya ce in ɗauko masa wando, kuma ni zan tuƙa.

Sunniva ta sauka daga jirgin ƙasa ta tarar da mu a ɗakin jiran likitan gaggawa. Ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, safarka ɗaya ja ɗaya shuɗiya." Ya ce ai yayi ne, ita da ke birni ya kamata ta sani. Suka yi dariya. Ni na fita waje na tsaya a cikin yayyafi.

Litinin, 21 ga Oktoba, da yamma

An ɗauki hoton kansa.

Talata, 22 ga Oktoba, da la'asar

Likitar ta juyo mana allon don mu gani. Ga shi nan a ɓangaren hagu, fari, da'ira, bai kai ƙwan kaza ba. Ta faɗi sunansa. Sunniva ta rubuta a wayarta. Ni ba zan rubuta shi a nan ba.

Ta ce yana danne wurin da magana take, da wurin da mutum ke jera abu bayan abu. Ta ce dole a cire, kuma a Tromsø ake irin wannan aikin. Sai an cire an bincika za a san wane iri ne. Babu tuƙi daga yau.

Oddvar ya tambayi nutso fa. Ta dube shi kawai. Ya gyaɗa kai ya ce ya dai tambaya ne.

A mota ya ce abu ɗaya ya yi masa daɗi, ashe ba wauta ba ce. Ya fi mako yana tunanin ya zama wawa.

Laraba, 23 ga Oktoba, da safe

Lafiya lau, na ce wa maƙwabciya. Lafiya lau, na ce wa mai kantin burodi. Lafiya lau.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da yamma

'Yan sanda sun kira. Sun ga bayanin likita, sun rufe maganar. Mutumin ya ce za mu iya zuwa mu karɓi kayan, har da wuƙar. Na ce su ajiye tukuna.

Steinar ya zo da kifin da ya kama, fuskarsa ta ƙone da ranar Malta. Tun daga ƙofa Oddvar ya ce masa ya yi kama da dafaffiyar ƙaguwa. Steinar ya ce gara shi, shi dai bai yi yunƙurin sace jirgin sama da butar shayi ba. Na riƙe numfashi. Oddvar ya yi dariya har da tari.

Daga baya na ji su ta ƙofar kicin. Oddvar yana cewa ya zarge shi a kan abin da bai yi ba. Steinar ya ce ai da ya san dabarar firji da ya daɗe da yi masa ita. Sai Oddvar ya ce darasin haɗa kaya na baɗi Steinar ne zai yi, kuma kada ya manta da maganar batir, don shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Steinar ya ce ba zai karɓa ba, aro dai zai riƙe. Da zai tafi ya kasa ɗaura igiyar takalminsa a tsaye, sai da ya zauna a matakala, ya daɗe a wurin kansa a sunkuye.

Talata, 29 ga Oktoba, da la'asar

Gobe za mu tashi zuwa Tromsø. Na haɗa jakar hannu a karo na farko a rayuwata. Magungunansa, rigar barci, silifas, tabarau, cajar waya. Na hau sikelin banɗaki da jakar, na sauka na hau ba ita, yadda na ga yana yi. Yana zaune a bakin gado, hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa don kada ya taɓa komai.

Na tambaye shi ko ya ga kuskure. Ya ce a'a, ya yi kyau. Can ya kasa daurewa, ya ce kwalbar man wanke kai ta fi girman da ake bari. Na duba, gaskiyarsa. Sai ya ce, "Amma ki sake dubawa da kanki. Kada ki yarda da ni."

Wannan maganar ta fi hoton ciwo.

Laraba, 30 ga Oktoba, da yamma, Tromsø

A filin jirgin Bodø, wurin binciken nan dai, bel ɗin nan dai.  Oddvar ya kwana biyu yana maimaita abin da zai faɗa wa matar mai furfura, yana gwadawa a gaban Sunniva don kada kalmomin su gudu. Muka iso, ba ta nan. Wani mai gemu ne a kujerarta.

Jakar ta shiga ta fito, babu wanda ya ko ɗaga ido. Amma Oddvar ya tsaya a gaban mai gemun, ya cire hula, ya zayyano jawabin gaba ɗaya: cewa shi ne wanda ya riƙe hannun abokiyar aikinsu, cewa ba halinsa ba ne, cewa aikinta ta yi kuma ta yi shi daidai. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Mutumin bai san zancen ba, layi ya taru a bayanmu. Ya ce zai isar mata. Ya tambayi sunan da zai faɗa.

Oddvar ya buɗe baki, ya rufe. Ya juyo ya dube ni. Ni na faɗi sunan.

A jirgi ya zauna bakin taga yana kallon tsibirai. Ya nuna mini wani lungu da muka taɓa shiga muna sababbin aure, ya tuna har launin jirgin ruwan da ya kai mu.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da safe

Sun aske masa gefe ɗaya. Ya ce a bar ɗaya gefen, Steinar ya gani ya ji haushi. Sun tura shi ɗakin tiyata.

Juma'a, da yamma

Ya fito. Yana numfashi da kansa. Likitan ya ce sun cire abin da za a iya cirewa. Ban tambayi ma'anar hakan ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Ya buɗe ido, ya gane mu. Ba ya magana. Hannun dama ba ya ɗaguwa sosai.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da la'asar

Ba ya magana. Sun ce kumburi ne, maganar tana iya dawowa cikin kwanaki, tana iya ɗaukar watanni. Akwai ta uku da ba su faɗa ba. Sakamakon binciken ma sai mako mai zuwa. Sunniva ta koma bakin aiki, ta bar mini abinci a firjin masauki da umarni kamar ni ce 'yar.

Rana ba ta daɗewa a garin nan. Kafin in gama kofi na biyu duhu ya fara.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da rana

Ina zaune gefen gadonsa ina ba shi labarin banza, wai dusar ƙanƙara ta sauka, wai Steinar ya ce a gaida rabin kai. Ina magana ina kallon taga. Sai na ji ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobensa, yadda muke buga tukunya a ƙarƙashin ruwa in muna son abokin nutso ya waiwayo.

Na waiwayo. Ya ɗaga hannun hagu, ya haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, ya nuna ni. A ƙasan teku babu baki, wannan ita ce tambayar ko kana lafiya, kuma ba a barin ta ba amsa, ba a kuma yin ƙarya a kanta. Wanda ya yi ƙarya a can yana iya kashe mutum biyu.

Na ɗaga hannu zan mayar masa da zoben. Yatsun suka ƙi haɗuwa. Sai na shimfiɗa tafin hannu na karkaɗa shi gefe da gefe, alamar akwai matsala. Na nuna ƙirjina. Daga nan hawayen da ban yi ba tun ranar filin jirgi suka zo gaba ɗaya, har na jiƙa masa bargo.

Ya bari na gama. Bai kawar da ido ba. Sannan ya miƙe manuninsa na hagu, ya yi ƙoƙarin kawo na dama kusa da shi, alamar da ke cewa a matso a tafi tare kafaɗa da kafaɗa. Na daman ya ƙi tasowa. Ya gwada sau biyu, ya harare shi kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Sai ya kamo hannuna, ya miƙar da yatsana, ya jera shi da nasa.

Muna nan a haka nas ta shigo da miyar kifi. Ya sha rabi.